Motar gwajin tarin fuka ta zo unguwarmu

Sati uku Baba yana tari, ga zufar dare. Ranar 24 ga Maris, ranar yaƙi da tarin fuka ta duniya, motar gwaji ta zo unguwarmu, na lallaɓa shi muka je.

Layin ya yi tsawo, babu rumfa, tsofaffi na tsaye cikin zafin bazara. Wannan ya ɓata min rai ƙwarai. Amma malamar da ta karɓe mu ta wanke min zuciya. Har ta rusuna ta ce, "Baba, ku yi tari sosai, ku tofa kakin cikin robar nan." An ɗauki hoton ƙirji, ko sisi ba mu biya ba.

Washegari suka kira: cutar ce. Maganin wata shida, shi ma kyauta. Yanzu Baba har tuwo yake nema.