Sanarwar 1776 ko kundin 1787? Ɗauki ta farko kawai

Wa'alaikumus salam Malam. Tunda ka ce kuɗin guda ɗaya gare ka, tsakanin ɗan littafin sanarwar 'yancin kan Amurka da wancan ƙaton kundin tsarin mulkinsu mai sharhi, to ni duka biyun suna gidana kuma ɗaya ne kawai ya fanshi kuɗinsa.

Na sanarwar wurin wani dattijo mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi na tsince shi ina aji biyu a jami'a, bangon har ya sha maiƙo, wani ya bi ya ja layuka da jan biro. Daren ba wuta, da tocilan waya na karanta kuma wallahi kafin shayina ya huce na gama, don ainihin rubutun 'yan shafuka ne. Abin da ya kama ni yadda Thomas Jefferson, wanda ya rubuta daftarin sanarwar, ya jero maganar sak mai kai ƙara gaban alƙali. Ya fara da cewa mutane duk daidai aka halicce su, Mahalicci ya ba su haƙƙin rai da 'yanci da neman jin daɗin rayuwa waɗanda ba mai ƙwace musu, gwamnati kuma da yardar waɗanda take mulka take samun iko, ranar da ta zame musu ƙarfen ƙafa suna da damar canza ta. Sai da ya kafa wannan sannan ya juyo kan Sarki George na 3 na Ingila, mai mulkinsu a lokacin, ya dinga zayyano laifukansa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora mana haraji ba da yardarmu ba, ya jibge mana sojoji alhali ba a yaƙi, ya rusa majalisunmu, ya datse mana ciniki da sauran duniya. Wakilan yankuna 13 da Ingila ke mulka ne suka yi zaman majalisa a birnin Filadelfiya, aka amince da sanarwar ranar 4 ga Yulin 1776, daga baya mutum 56 suka sa hannu.

Kar ka ɗauka waliyyai ne fa. Jefferson ɗin nan mai cewa kowa daidai, bayi sama da 600 ya mallaka a rayuwarsa, sakin layin da ya zargi sarki kan fataucin bayi ma majalisar cire shi ta yi. Littafin nawa ya kawo wannan a gabatarwa, ka duba in naka ya kawo.

Kundin 1787 kuwa, to, ba laifi. Majalisa biyu, wa'adin shugaba shekara 4, wa ke da ikon me. Zai maka amfani in kana son ganin inda namu na Najeriya na 1979 ya kwaso tsarin shugaban ƙasa, amma dalilin ɓallewarsu daga Ingila ba ya ciki. Ni yanzu taga nake tokarewa da shi in iska ta taso.

Ba ka tambaya ba amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu buga fotokwafi su manna bango mai sheƙi su naɗe a leda su ce ba a buɗewa sai an biya, ka je gida ka tarar shafi 12 ya tsallaka 17, ni an taɓa min haka da wani littafin. Wasu kuma a WhatsApp su ce ka turo kuɗi su ba ka PDF, abin da yake kyauta a intanet. Ka ce sai ka buɗe ka ƙirga shafuka, in ya ƙi ka yi gaba.

Sayi na sanarwar, wanda ke da gabatarwa. In daga baya kundin ya zame maka dole ka min magana in ara maka nawa, sai dai ka haƙura da ƙura.