Huda Intakula Ko Sauya Ta: Wanne Zai Hana Mota Shaƙewa?

Alhaji, ka ce Hilux ɗinka mai turbo da ke shan gas takan shaƙe na ɗan lokaci idan ka taka totur domin wuce babbar mota a hanyar Daura zuwa Katsina, kuma an ba ka shawara iri biyu: ka huda ƙasan intakula, ko ka sayi wadda ta fi ta girma. A ganina duka biyun magunguna ne na gaske, sai dai kowanne da irin ciwon da aka yi shi dominsa.

Aikin intakula guda ɗaya ne. Turbo yana matse iska, matsewar kuma tana ɗumama ta har takan haura digiri 100 idan injin yana jan kaya, sai intakula ta sanyaya ta kafin ta shiga injin, domin iska mai sanyi ta fi ƙona mai da kyau.

Dabarar hudawa daga Amurka ta yaɗu, wajen masu Ford F-150 mai injin EcoBoost na fetur, musamman ƙirar 2011 zuwa 2013. A yankunan da iska ke da laima, ruwa yakan taru a ƙasan intakular, idan direba ya taka da ƙarfi sai injin ya zuƙe shi ya riƙa karkarwa, shi ya sa wasu suka yi ɗan rami da bai kai milimita 2 ba don ruwan ya tsiyaye. Mu kuwa laima ba ta wuce mana tsakiyar damina. Idan motarka tana shaƙewa a hunturu da bazara, ba ruwa ne ke damunta ba, kuma ramin ba abin da zai ƙara maka sai yoyon iska da ɗigar baƙin mai.

Babbar intakula ta fi wannan hujja a ƙasarmu, amma alamar ciwonta daban ce. Ita tana taimakon motar da ke tashi lafiya da safe, sannan ƙarfinta ya riƙa raguwa sannu a hankali da rana tsaka a watan Afrilu, an lafta mata buhunan hatsi. Shaƙewar da ke zuwa nan take da taka totur ba ta cikin wannan, hasali ma sai turbo ya ɗan ƙara jinkiri kafin ya cika babbar da iska. Idan kuma za a ɗauke ta daga saman injin a mayar gaba, sai an sake tiyo, ga shi za ta tare wa lagireto wani ɓangare na iskarsa, abin da ba a wasa da shi a zafin Katsina.

Abin da na fi zargi ya fi waɗannan araha. Ka buɗe bonet ka shafa ƙarƙashin tiyon da ya fito daga turbo da wanda ya shiga injin; idan ka ji danshin mai da ƙura ta manne masa a bakin ɗauri, daga nan iska take zurarewa, galibi tare da fito da baƙin hayaƙi lokacin da aka taka. Sai filtar iska, wadda yawancinmu muke kaɗawa a jikin taya mu mayar, alhali ƙurar hunturu ta riga ta toshe ta. Sai filtar mai, musamman ga wanda yakan sayi gas a jarka. Bayan su akwai bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin, wanda kan cushe da baƙin tokar hayaƙi, da na'urar auna iskar da ke shiga, waɗanda makaniken da ke da kwamfuta zai gano cikin ɗan lokaci.

Ka sa a yi gwajin matsa iska cikin tiyo da intakular a yayyafa ruwan sabulu. Inda kumfa ta taso, nan ne yoyon yake. Idan intakular ce ta tsage, a sa sabuwa daidai girmanta. Babbar kuwa ka ajiye maganarta sai an tabbatar komai lafiya, kuma raunin bai bayyana sai rana ta take da kaya a baya.