Mai sikanin ta kyauta min, ɗakin shawarar abinci ya ɓata min rai

Wata uku ke nan da na je wani asibitin kuɗi a nan Kano saboda kumburin wuya, ga kasala, ga jin sanyi ko ana tsananin zafi, gashina kuma sai zuba yake yi. Gwajin jini ya nuna TSH (sinadarin da ke tunzura tayirod ta yi aiki) da anti-TPO (sinadarin garkuwar jiki da ke kai wa tayirod hari) duk sun hau. Likita ya ce cutar Hashimoto ce, wato garkuwar jikina ce ke yaƙar ƙwayar tayirod ɗina da ke gaban wuya, ya tura ni sikanin.

Nan kam sai godiya. Baiwar Allahn da ta yi min hoton ta sa min filo a ƙarƙashin kafaɗu, ta ce, "Anti, ɗan ɗaga haɓa, ruwan nan da sanyi fa." Sai ta juyo min da allon, ta nuna min ɓangaren dama da na hagu, yadda naman ya yi duhu da dabbare-dabbare. Ta ce haka yake zama a wannan cuta, kuma ba ta ga ƙullin da zai sa a tsira allura a ɗebi nama ba. Ni da na kwana uku ido biyu ina tunanin ciwon daji, na fito har da hawayen farin ciki. A ranar, duk wanda ya tambaye ni cewa zan yi ya je.

Amma da na tuna ɗakin shawarar abinci na asibitin, wallahi sai raina ya sake ɓaci. Kuɗinsa daban, kun dai san yadda suke caja. Takarda kawai aka miƙo min, cike da kayan da ban taɓa gani a Kasuwar Rimi ba, wai kuma in bar alkama kwata-kwata, ba tare da wani gwaji ba. Na tambayi batun gero, tunda fura da kunu ne abincinmu, kuma an daɗe ana danganta yawan cinsa da maƙoƙo a yammacin Sudan inda sinadarin aidin ya yi ƙaranci. Mai ba da shawarar ta ce in duba takarda. Babu gero a ciki, babu rogo, babu awara.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne levothyroxine, maganin tayirod ɗin da aka rubuta min. Babu wanda ya faɗa min da ruwa zalla ake shan sa, ciki wayam, a jira minti 30 zuwa awa guda kafin a karya, maganin ƙarin jini da na kalsiyam kuma a ba su tazarar awa 4. Ni kuwa da shayi mai madara nake kora shi, haɗe da ƙwayar ƙarin jini. Bayan sati 8 TSH bai sauka ba, har an fara maganar ƙara min ƙarfin magani. Mai kemis ɗin unguwarmu ne ya ce, "Hajiya, wai da me kike shan sa?" Wata biyu na wahala da kuɗin gwaji sun tafi a banza saboda maganar da ba ta kai minti ɗaya ba.

Takardar tana nan a jakata. Ranar da zan koma gwajin jini sai na ajiye wa shugaban wurin ita a kan tebur, ya karanta da kansa.