SEC ko Ivy League: wanne ya fi wa ɗan wasa?

Iyayen da 'ya'yansu ke neman gurbin karatu a Amurka ta hanyar wasanni sun sha tambayata: SEC ko Ivy League? Dukansu rukunoni ne na jami'o'in Amurka da ke fafatawa a wasanni. Tambayar tana kan hanya, domin sunan rukunin da jami'a take fafatawa a ciki yana bin ta duk inda ta shiga.

Ta fuskar kuɗi, SEC ta yi fintinkau. Jami'o'inta 16 ne tun shigowar Texas da Oklahoma a 2024, tashar wasanni ta ESPN na nuna wasanninta, kuɗin talabijin kuma na ta kwarara. Filin wasan jami'ar Alabama kaɗai yana cin 'yan kallo sama da 100,000. Yaro mai hazaka yana iya samun tallafin karatu saboda iya wasansa. Sai dai atisaye da tafiye-tafiye suna cinye lokacin karatu, kuma in gwiwa ta goce, burin zama ƙwararre na iya wargajewa. Wannan yana damuna ƙwarai.

Ivy League, mai jami'o'i 8 irin su Harvard da Yale, ba ta ba da tallafi don wasa, ƙarfin aljihun iyaye take dubawa. 'Yan kallo ba su kai na SEC ba, amma digirinta yana da daraja wurin masu ɗaukar aiki ko bayan an rataye takalmi.

Mai burin cin abinci da wasa, SEC ta fi dacewa da shi. Wanda karatu ne gabansa, wasa kuma ƙari, ya nufi Ivy League.