Daga Kuala Lumpur: Auta, kafin ka sayi katin hoto, duba fawa fak

Assalamu alaikum Auta. Ina fatan kana lafiya, da Inna da Baba da duk mutanen gida. Na ga jerin kayan da ka turo mini na kwamfutar teburin da kake son haɗawa don gyaran bidiyon biki. Ka rubuta firosesa, ka rubuta ram, ka rubuta katin hoto, mai sarrafa abin da ke fitowa a allon kwamfuta, har da ja masa layi, amma da ka zo kan fawa fak, na'urar da ke karɓar wuta daga bango ta raba wa kayan cikin kwamfuta, sai ka ce wanda zai zo cikin akwatin ya isa. A nan ne na tsaya, kuma shi ya sa saƙon nan zai yi tsawo.

Wurin da ake sayen irin waɗannan kaya a nan shi ne Plaza Low Yat, a unguwar Bukit Bintang. Bene ne hawa-hawa, ƙasa wayoyi, sama kayan kwamfuta. Kamar a ɗauki kasuwanninmu na kwamfuta da waya a Kano, Beirut Road da Farm Centre, a ɗora su kan juna a sa musu na'urar sanyaya ɗaki. Shaguna da yawa suna miƙa maka takardar farashi a bakin ƙofa, kowane kaya da cikakken sunansa da lambarsa, sai ka karɓi ta nan ka karɓi ta can ka zauna ka gwada. Ciniki akwai shi, amma bai kai namu ba. Abin da ya fi burge ni shi ne tambayar da mai shago ke fara yi: wane katin hoto za ka sa? Daga amsarka yake lissafa fawa fak ɗin da zai ba ka. Akwati kuma, in dai na kirki ne, fanko ake sayar da shi. Fawa fak kaya ne mai zaman kansa, da kwalinsa da takardar garantinsa. Mu a gida kuwa gyara muka ɗauke shi, abin da ake ɗora maka a kan ciniki.

Ga dalilin da ya sa ban yarda da na cikin akwati ba. Ka kifa shi ka karanta takardar da ke manne a gefensa. Za ka ga an buga 500W da manyan baƙaƙe, amma abin dubawa yana cikin ɗan jadawalin ƙasa, a layin +12V, domin firosesa da katin hoto daga wannan layin suke sha. Ka ninka adadin amfiya da 12, shi ne ainihin ƙarfinsa. In ka ga 18A, to wat 216 ke nan, sauran duk an cike su ne da layukan 5V da 3.3V waɗanda kwamfutar zamani ba ta cika ja daga gare su ba. Na kirki mai wat 550 zai nuna maka 45A ko kusa da haka a wannan layin. Ka kuma ɗaga shi a hannu. Na banza ba shi da nauyi, saboda an rage ƙarafan da ke kwashe zafi da sauran kayan ciki.

Lissafin naka ba shi da wuya. Ryzen 5 5600 da ka zaɓa wat 65 aka rubuta masa. RTX 4060 yana cin wat 115. Madabod (babban farantin da ake dasa sauran kayan a kai) da ram da SSD (ma'ajiyar fayiloli) da fankoki, ka ba su wat 60. Duka bai kai 300 ba, kuma kamfanin Nvidia da kansa 550 ya ba da shawara ga wannan katin. Saboda haka 550 ya isa, 650 in kana tunanin ƙara girman katin nan gaba. Kada wani ya ruɗe ka da mai wat 1000 marar suna. Gara 550 na gaskiya.

Sai tambarin 80 Plus, wanda a nan kusan kowane kwali yana ɗauke da shi: Bronze, Gold, har zuwa Titanium. Yana nuna yawan wutar da ke isa cikin kwamfuta daga wadda aka ja a bango. Mai Gold yana isar da kusan kashi 90 cikin 100 idan yana ɗauke da rabin nauyinsa. 'Yan Maleshiya don kuɗin wuta suke duba wannan, amma kai ya fi shafar ka. In kwamfutarka na buƙatar wat 300, mai kashi 90 zai ja kusan 333 daga bango, mai kashi 70 zai ja kusan 430. Wannan ratar ta wat ɗari fetur ce a janareta, caji ne a batirin sola, sannan duk zafi take komawa a cikin shagonka a watan Afrilu. Sai dai tambarin ba shaidar inganci ba ne gaba ɗaya. Ka duba a kwali ko an lissafa matakan kariya, OVP da OCP da OPP da SCP, su ne ke kashe na'urar kafin ta tafi da madabod ɗinka. Ka duba kuma a wane zafi aka auna ƙarfinta. Masu kyau suna rubuta digiri 40 ko 50, kuma ka san Kano tana wuce 40.

Wani abin da ya sauƙaƙa mana: wutar Maleshiya da tamu ɗaya ce, bolt 230, kuma soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin na Ingila, irin namu. Duk abin da na saya a nan kai tsaye za ka jona. Bambancin shi ne tasu a tsaye take, tamu kuwa tana hawa tana sauka, a ɗauke a dawo da ita da ƙarfi. Don haka nake son wanda aka rubuta masa 100–240V, domin zai jure idan wuta ta yi ƙasa. Akwai masu araha a nan da aka yi su don 200–240V kawai. Su a wurinsu ba matsala, kai kuwa da wuta ta faɗi zai mutu. Tsofaffin da ke zuwa daga Amurka kuma wasu suna da ɗan jan makunni a baya, 115 ko 230. In yana kan 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji, sai hayaƙi.

Yu-fi-es, wato na'urar batiri da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, a can gida za ka saya, nauyin batirinsa ba na jirgi ba ne. Amma kada ka ɗauki ƙaramin nan mai 650VA, yawancinsu ba sa kai wat 400, ga allon kwamfuta ma zai hau kai. Nemi 1000VA zuwa sama, kuma in da hali wanda wutarsa ke fita sumul kamar ta layi, wanda ake rubuta wa pure sine wave. Fawa fak na zamani wasu ba sa shiri da wutar ƙananan yu-fi-es da inbata masu araha, da an ɗauke wuta sai kwamfutar ta mutu duk da yu-fi-es ɗin na kuka.

Jerin naka kuma akwai inda bai haɗu ba. Ka sa Ryzen 5 5600 tare da ram DDR5. Wannan firosesan gurbin da yake zama a madabod AM4 ne, DDR4 yake ɗauka, da madabod irin B450 ko B550. A jerin Ryzen, DDR5 sai gurbin AM5, wanda ya fito a 2022. Tsagar da ke ƙasan ram ɗin ma ba a wuri ɗaya take ba, ba zai shiga ba. Shawarata ka tsaya a AM4, domin DDR4 ya fi samuwa a Kano idan ɗaya ya lalace. Batun sayen tsohuwar Dell ko HP ta ofis ka cusa mata katin hoto kuma, yawancinsu nasu mahaɗin wuta daban yake da na kowa mai fil 24, ƙarfin ɗan kaɗan ne, kuma ba su da wayar katin hoto. Don buga takardu suna da kyau ƙwarai, ba don aikinka ba.

Inda na fi jin zafin bambancin shi ne garanti. A nan Seasonic da Corsair suna da nau'o'in da ke ɗauke da garantin shekara 10, matsakaita kuma 5. In ya lalace ka mayar wa shago da rasidinka, su aika wa dillalin ƙasa, ka jira a musanya maka. Mu kuwa garantin gwaji muka sani: a kunna a gabanka, fanka ta juya, shi ke nan. Ba na ɗora wa 'yan kasuwarmu laifi, domin su ma babu wanda za su mayar wa. Amma ka sani wannan garantin ba zai biyo kayan zuwa Kano ba, sai dai a sake ɗauko shi zuwa nan. Amfaninsa gare mu shi ne alama: kamfanin da ya yarda ya ɗaure kansa shekara 10 ya san abin da ya zuba a ciki. A gefen gyara kuwa mu ne gaba. A nan ba mai buɗe fawa fak ya gyara, lada ya fi kayan tsada, jefarwa ake yi. Yaranmu na Beirut Road za su canza maka kafasita ɗaya ya tashi. Kai dai kada ka buɗe da kanka, yana riƙe wuta ko an cire shi daga soket.

Ga yadda za mu raba. Ni zan sayo fawa fak da firosesa da madabod da katin hoto, in sa a haɗa su a gwada a shago kafin in ba mai tahowa. Kai ka sayi akwati fanko mai ragar tare ƙura saboda hunturu, da allo da yu-fi-es. Wayoyin da za su zo cikin kwalin fawa fak su kaɗai za ka yi amfani da su. Na wani kamfani ko sun shiga ramin, jerin fil ɗinsu na iya bambanta, su ƙona maka SSD. Kafin ka biya kuɗin akwatin, ka auna tsawon wurin katin hoto da tef ka turo mini, ka kuma tabbatar gurbin fawa fak ɗinsa na ATX ne, wato girman da aka saba. Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata saƙonta yana cikin kayan.