Kafireta ko koyil: wanne ke kashe injin faskaren itace?

Wani ɗan'uwanmu da ke kai wa gidajen burodi itace a Rigasa ya kawo tambaya. Ya sayi injin faskare tokumbo, irin wanda ke tura gungume kan bakin gatari da ƙarfin man haidirolik, injin fetur ɗin da ke kansa kuma samfurin GX200 ne mai ƙarfin doki 6.5. Yana tashi da ja ɗaya, ya yi kamar minti goma yana aiki, sai ya mutu. In an ɗan jira ya sake tashi. Bakaniken unguwa ya ce a sake kafireta, mai haɗa fetur da iska, wani a Panteka ya ce koyil, mai ba fulogi wuta, ne ya gaji. Wanne zai saya?

Alhaji, kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Wannan injin shi ne dai wanda ke kan injin ban ruwa da na markaɗe, kuma yadda yake mutuwa ya fi bakin kowane bakanike faɗin inda ciwon yake. Ka tsaya kusa da shi ka saurara.

Injin da mai ya yanke wa ba ya mutuwa sai ya yi sallama. Za ka ji ƙararsa na hawa tana sauka, ya yi tari sau biyu ko uku, ƙarfinsa ya ragu, sannan ya tsaya. In ka yi sauri ka ja cok, wato abin rage iskar da ke shiga kafireta, zuwa rabi a daidai wannan lokacin ya farfaɗo, magana ta ƙare: fetur ne bai isa ba. Na koyil kuwa ɗif yake ɗaukewa kamar an kashe makunni, kuma cok ba ya yi masa komai. Wajen sake tashi ma sun bambanta. Mai matsalar fetur minti biyu ya ishe shi, don kwanon kafireta ya sake cika, sai ya tashi ya maimaita halinsa. Koyil da zafi ke kashewa sai ya huce sosai, wani lokacin rabin awa, kafin ya sake ba da wuta. Fulogi ma shaida ne: in ka kwance shi ka same shi a bushe, bakinsa fari-fari, mai ne bai zo ba, in jiƙe yake yana warin fetur, man ya zo, wuta ce babu.

Gwajin wuta yana da sharaɗi ɗaya da mutane ke tsallakewa: a yi shi nan take da injin ya mutu, yana da zafinsa. Koyil mai wannan ciwo lafiya lau yake nunawa in ya yi sanyi, shi ya sa ake kai inji wurin gyara ya ƙi nuna laifinsa. Ka kwance fulogi da soket mai lamba 21, ka mayar da shi cikin hularsa, ka jingina zarensa da ƙarfen injin nesa da ramin fulogin, wani ya ja igiya. Wuta shuɗiya mai ƙara tas-tas ita ake nema. In ja-ja ce mai rauni ko babu sam, fara da sabon fulogi, BPR6ES, tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8. In har yanzu shiru, cire baƙar wayar nan siririya da ta fito daga koyil ta nufi makunni, ka sake gwadawa. Wuta ta dawo? To koyil ba shi da laifi, wani abu ne ke kashe shi ta wannan waya.

Wannan abin kuwa sau da yawa na'urar tsaron baƙin mai ce. Da yawa daga injinan nan suna da ita a cikin kwanon baƙin mai: da zarar man ya yi ƙasa sai ta yanke wuta, mutuwar kuma ta yi kama da ta koyil sak. Injin faskare ya fi saurin faɗawa wannan tarko saboda a fili ake ajiye shi, ƙasa ba daidai ba, ga jijjiga duk lokacin da gungume ya tsage. Lita 0.6 kacal yake ci, ƙaramin ragi ma ya isa. Ka daidaita shi a shimfiɗaɗɗen wuri, ka cika man har leɓen ramin zubawa. Akwai masu gyaran da maganinsu shi ne su cire wayar na'urar su ce an gama. Don gwaji na minti kaɗan babu laifi, bayan ka tabbatar mai a cike yake. Barin ta a cire kuwa, ranar da man ya ƙare fistin ne zai ba ka labari.

Yanzu ɓangaren fetur, inda muke ganin ciwon naka ya fi karkata. Kafireta ita ce ƙarshen hanya, saboda haka daga sama ake farawa. Murfin tanki yana da 'yar ƙofar shan iska. In ƙura ta toshe ta, fetur na sauka iska ba ta shiga, sai man ya tsaya cak a tanki. Alamarsa ita ce ainihin abin da ka faɗa: aiki na minti goma, mutuwa, a jira, a tashi. Da ka ji ya fara tari, sassauta murfin. In ka ji ya yi fuu ya ja iska, injin kuma ya miƙe, to murfi za ka wanke ko ka sake.

In ba shi ba ne, rufe famfon mai, ka kwance ɗan kofin da ke ƙarƙashinsa da sifana 10. Nan ne yashi da tsatsa ke taruwa. Ka wanke, ka lura kada zoben robarsa ya faɗi. Daga nan sassauta kusar tsiyaya da ke gefen kwanon kafireta, ka buɗe famfo, ka tara a kwalba mai haske. Abu biyu kake dubawa. Na farko gudun man: ya zubo ba yankewa har minti guda, in ya fara da ƙarfi ya koma ɗis-ɗis, 'yar rariyar da ke bakin tanki ta ciki ta toshe, ko tiyo ya lanƙwashe. Na biyu ruwa: ka bar kwalbar ta natsu, in akwai shi za ka gan shi kwance a ƙasa, fetur a samansa da layi a tsakani. Man jarka na 'yan bumburutu da injin da ya kwana a waje da damina su ne ke kawo wannan.

Sai an wuce duk waɗannan ake buɗe kafireta. Jet biyu ne a cikinta, wato 'yan ƙananan ƙofofin da fetur ke bi, kuma kowanne da irin ciwonsa. Babban yana cikin bututun tsakiya, ana fitar da shi da siririyar sukudireba mai faɗin baki. In ya toshe rabi, injin zai zauna a silo, wato ƙaramar wuta ba nauyi, lafiya amma ya shaƙe da an ba shi wuta ko an ɗora masa nauyi. Ƙaramin na baƙar roba ne, yana sama ƙarƙashin kusar silo, ɓanɓaro shi ake yi. Shi ne mai sa ƙara ta riƙa hawa da sauka. A wanke su da fetur mai tsabta, a zura silin waya ɗaya daga cikin wayar lantarki, a hura. Ban da allura, tana faɗaɗa ramin, injin ya koma shan mai yana baƙin hayaƙi. Baƙin hayaƙi da fulogi mai kunkunniya kuma, musamman a watannin hunturu, matatar iska ce ta cika da ƙura: a wanke soson, a kakkaɓe takardar ko a sake ta.

Ta fuskar kuɗi ga yadda suke. Koyil ba ya gyaruwa, sai sabo, a ɗaura shi da tazarar milimita 0.4 tsakaninsa da maganaɗisun filawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa in an ja igiya. Kafireta kuwa wanki take so, da wuya ta buƙaci canji sai in ruwa ya cinye cikinta. In taka ta asali ce mai tambarin Keihin, wankakkiyarta ta fi yawancin sababbin kasuwa, kada ka bari a karɓe ta a ba ka wata.

Akwai hali na uku da babu ɗaya daga cikin masu gyaran biyu da ya ambata. Ka lura ko mutuwar tana zuwa ne daidai lokacin da gatari ya ciji ice. Famfon haidirolik na injinan nan hawa biyu gare shi: yana tura mai da yawa da sauri in babu nauyi, da ya ji turjiya sai ya koma tura kaɗan da ƙarfi. In bai sauya ba, doki shida da rabi ba za su iya ba. Abu mafi sauƙin dubawa shi ne totur, wato hannun ƙara wa inji wuta: a ƙure shi ake faskare, wajen juyi 3,600 a minti, ba a rabin wuta don tsimin mai ba. Sai man haidirolik: mai lamba 32 ko 46 ake zubawa. Wanda ya cika tankin da baƙin man mota ya ɗora wa injin kaya, balle da sanyin asuba na Janairu. A bar shi ya yi minti biyar, a kai sandar da ke tura gungume gaba a dawo da ita sau da yawa ba tare da ice ba.

Gwajinsa: babu gungume, tura sandar har ƙarshe, ka riƙe hannun tura ta na daƙiƙa biyu. Lafiyayyen inji zai yi nishi, bawul ɗin rage matsi ya buɗe, ya ci gaba da aiki. In ya mutu, ko dai an ɗaure wannan bawul fiye da kima, ko famfo ba ya sauya hawa, ko injin kansa ya rasa ƙarfi. Na ƙarshen ana duba shi ta tazarar bawul ɗin kan silinda, injin na sanyi: milimita 0.15 na shiga, 0.20 na fita. Kusar bawul ɗin rage matsi kuwa kada a taɓa ta babu agogon awon matsi, kuma kada a lalubi yoyon tiyo da hannu, man na iya huda fata. In icen kirya ne ko marke mai ƙulli, ta gefe ake ɓantararsa, ba ta tsakiya ba.

Gobe da safe ka cika baƙin mai, ka ajiye soket 21 a aljihu, ka tayar da shi. Da ya fara tari sassauta murfin tanki, in bai miƙe ba ja cok rabi. In ɗif ya ɗauke, fulogi za ka kwance tun yana ƙona hannu. Abin da ka gani ka dawo mana da shi.