Kafin Ka Sayi Ƙaramin Jirgi Mai Filafili Don Shiga Gasar Ƙasa

Gasar ƙasa ta ƙananan jiragen ruwa masu filafili, wato ƙyallen da iska ke bugawa ta tura jirgi, ba a kan ruwa take farawa ba. A tudu take farawa, a layin awo, kwana guda kafin a busa ƙahon farko. Kowa ya jawo jirginsa a kan 'yar kura, ya shimfiɗa filafilinsa a kan tebur, mai awo yana bi da tef da hatimi. A irin wannan layin na taɓa tsayawa da filafili sabo fil, wanda na samu da araha ina ta yabon wayona. Mai awo ya juya kusurwar ƙasa yana neman ɗan maɓallin da ƙungiyar masu irin jirgin take liƙawa, bai gani ba. Ya naɗe ya miƙo mini abina, ya ce wannan na atisaye ne, ba ya shiga gasa. Da tsohon filafilin aro na yi makon nan. Araha dai ba ta ado.

Dalilin wannan tsanani shi ne yadda aka gina wasan. Jiragen nan aji-aji ne, kuma a yawancin azuzuwan doka ta ce kowane jirgi ya zama tamkar ɗan'uwansa: tsawo ɗaya, nauyi ɗaya, filafili ɗaya. Ana so a ga gwanintar matuƙi ne, ba zurfin aljihunsa ba. Saboda haka ranar da ka sayi jirgi, ba jirgi kaɗai ka saya ba. Ka zaɓi abokan hamayyarka, da dokokin da za ka bi, da gasar da za a bar ka ka shiga. Mai saye yakan fara da tambayar wanne ya fi gudu, alhali tambayoyi biyu ne suka fi wannan muhimmanci: kilo nawa ne nauyinka, kuma wane aji ne yake da jama'a a ruwan da za ka riƙa atisaye.

Idan yaro ake saya wa, maganar ba ta da tsawo sosai, Optimist ne. Clark Mills ya tsara shi a 1947 a garin Clearwater na jihar Florida a Amurka, kuma har yau siffarsa kamar akwatin da aka kafa wa ƙyalle. Tsawonsa mita 2.3, nauyin jikinsa kilo 35, filafilinsa bai wuce murabba'in mita 3.3 ba. Kada muninsa ya ruɗe ka. Ben Ainslie na Birtaniya da Robert Scheidt na Brazil, waɗanda suka yi ta gwabzawa a Olamfik, duk a cikin wannan akwatin suka koyi karatun iska. Amfaninsa babba shi ne yawa: kusan duk ƙasar da ake wannan wasa akwai gasar Optimist, kuma yaron da ya saba tashi a layi ɗaya da jirage masu ɗimbin yawa ya koyi abin da malami ba zai iya koya masa a tudu ba. Aibinsa kuwa, yana da wa'adi. Shekara 15 ce iyaka, kuma tun kafin nan, da zarar yaro ya haura kilo 50 jirgin zai fara yi masa nauyin tafiya, ƙananan yara suna wuce shi in iska ta kwanta. Sannan ruwan da ya shiga ba ya fita da kansa, sai yaro ya kwashe da hannu ɗaya yana tuƙi da ɗaya. In za ka sayi na hannu, duba jakunkunan iska guda uku da ke hana shi nutsewa, ka kuma nemi takardar awonsa. Ba takarda, ba ciniki.

Akwai Topper ga wanda ya fi ƙarfin Optimist amma bai kai na manya ba. Ian Proctor na Ingila ne ya tsara shi, kuma tun 1977 ake zuba jikinsa da roba mai tauri. Tsawonsa mita 3.4, nauyinsa kilo 43, ana ɗora shi a kan rufin mota, daga nan ma sunan ya samo asali. Yana jure duka: a ja shi a kan tsakuwa, a buga shi da gefen gada, gobe ya koma ruwa. Sai dai ƙarfinsa a Birtaniya da Ireland ya fi yawa, don haka ka fara bincika ko ana yi masa gasar ƙasa a inda kake. Roba kuma tana lotsawa in an bar jirgi shekara da shekaru a kan kura mara kyau, kuma gyaranta ya fi na faiba wuya. Kifa shi ka shafa cikinsa da tafin hannu, za ka ji lotsawar kafin ido ya gani.

Yanzu ga wanda ya fi cin lokaci, domin shi ne mafi yawan manya za su ƙare a kansa. Bruce Kirby ɗan Kanada ya zana shi, aka nuna shi a bajekolin jirage na New York a 1971 da sunan Laser, kuma an ƙera fiye da 200,000 daga lokacin. Ya shiga Olamfik a 1996, mata kuma suka samu nasu a 2008. Tsawonsa mita 4.23, nauyin jikinsa wajen kilo 59. Yau ILCA ake kiransa a gasa, kuma dabararsa ita ce jiki ɗaya, filafili uku. ILCA 4 mai murabba'in mita 4.7 na matasa ne da suka baro Optimist, ILCA 6 mai 5.76 na mata ne da maza marasa nauyi, ILCA 7 mai 7.06 kuma na ƙarti ne masu kilo 80 ko kusa da haka. Kana sauya filafili da ɓarin ƙasa na jigon da ke riƙe da shi, jirgin ya zama wani aji. Gida ɗaya za su iya raba jirgi ɗaya, uba da ɗa, in dai ba rana ɗaya gasarsu ta faɗo ba.

A nan girman kai yake kayar da mutane. Na ga mutum mai kilo 65 ya dage sai babban filafili, wai na Olamfik. Ranar da iska ta kwanta ya yi kyau, har ya zo cikin na gaba. Amma gasar ƙasa kwanaki ake yi, kuma ba a rasa ranar da iska take tashi da gaske. A jirgin nan ba abin da ke hana shi kifewa sai jikinka: ka saƙala ƙafafu a maɗauri, ka zuro gangar jiki waje a kan ruwa, cinya tana ƙuna. In nauyin bai kai ba, ba dabarar da za ta cike gurbin. Mutumin nan ya wuni yana kifewa yana tayarwa, har jirgin ceto ya jawo shi. Ka hau sikeli kafin ka je wurin mai sayarwa, kuma ka yarda da abin da ya nuna maka.

Sai maganar suna, wadda ta zama tarko ga masu saye. A 2019 ƙungiyar ajin ta ɓata da LaserPerformance, kamfanin da ke ƙera jirgin kuma yake riƙe da sunan Laser a ƙasashe da dama, ta cire shi daga cikin maƙeran da ta amince da su. Daga nan ajin ya koma amsa sunan ILCA, aka ba wasu kamfanoni izinin ƙerawa. Sakamakon haka tsohon Laser mai lambar shaida ta hukumar wasan ta duniya yana nan daram, yana shiga gasa. Amma akwai sabbin jirage masu ɗauke da sunan Laser da aka ƙera bayan rabuwar, ba su da wannan lamba, kuma mai awo ba zai karɓe su ba komai ƙyallinsu. Leƙa bayan ramin da matuƙi ke zama, a nan ake manna lambar. Lambar da ke jikin filafili kuma ita ce ta jirgin, da ita ake gane shekarunsa.

Ba a cinikin biri a sama, don haka ka je da kanka, ka tafi da gorar ruwa. A gaban jirgin akwai rami mai zurfi inda ake kafa jigo, kuma duk ƙarfin iska a gindin ramin nan yake sauka. Cika shi da ruwa har baki, ka bar shi ka ci gaba da hira da mai jirgin. Bayan minti 10 ko 15 ka dawo. In ruwan yana nan yadda ka bar shi, madalla. In ya ragu, ramin ya tsage yana yoyo cikin jiki, kuma wata rana a tsakiyar tsere jigon zai ɓarke saman jirgin ya faɗi. Bayan haka danna saman jirgin da tafin hannu a inda ake zama. In ya yi laushi ko ka ji ƙaras-ƙaras, faibar ta rabu da abin da ke cikinta, jirgin ya tsufa ko da fentinsa yana walƙiya. Ka buɗe toshiyar baya ka ɗaga gaba, ka ga ruwa nawa zai zubo. Ka mirgina ɓarin sama na jigo a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri ka ga ko ya lanƙwashe. Igiyoyi da ƙananan ƙarafa kada su dame ka, ana sauya su. Jiki ne ba a sauyawa.

Mai kuɗi zai tambaya, to RS Aero fa? Jo Richards ne ya tsara shi, ya fito a 2014, nauyin jikinsa kilo 30 kacal, kusan rabin na ILCA, kuma mutum ɗaya yana iya ɗaukarsa. A gwajin da aka yi a Valencia ta Sifen a 2019 don zaɓen jirgin Olamfik, shi ne masu tantancewa suka ba maki mafi yawa, amma da aka zo ƙuri'a sai aka bar ILCA a matsayinsa. A ganina ya fi daɗin tuƙi nesa ba kusa ba. Sai dai daɗin tuƙi daban, gasa daban. Idan a kulob ɗinku jiragen ILCA guda 20 ne suke fita kowane mako, Aero kuma naka ne kaɗai, to ka sayi kaɗaici da tsada. Za a iya haɗa ku tsere a daidaita lokaci da lissafi, amma ba za ka taɓa sanin ko kai ne ka yi kuskure ko jirgin ne ya bambanta ba. Wanda ke gefenka da jirgi irin naka sak, yana wuce ka a hankali kana kallo, shi ne malamin da ya fi kowa.

Jiragen mutum biyu kuwa, kafin ka duba jirgi ka duba abokin tafiya. Jirgin 420, wanda Christian Maury ya tsara a Faransa a 1959, shi ne makarantar matasa masu son jirgin 470 na Olamfik: yana da babban filafilin gaba mai kumbura kamar balan-balan, da wayar da na gaba yake rataya jikinsa a waje. 29er na Julian Bethwaite ɗan Ostareliya ya fi 420 gudu, ya fi shi kuma saurin jefa mutum a ruwa. RS Feva na roba ne, na yara biyu ko babba da yaro. Mirror mai jan filafili, wanda Jack Holt da Barry Bucknell suka fitar a farkon shekarun 1960 da goyon bayan jaridar Daily Mirror, yawancin tsofaffinsa na katako ne, sai ka bi su da ɗan yatsa kana neman ruɓa. Duk cikinsu matsalar ɗaya ce. Ranar da abokinka ya sauya aiki ko ya yi zuciya, jirgin ya zauna a tudu ƙarƙashin tamfol.

Abu ɗaya da nake ganin masu saye ba sa lissafawa shi ne yadda ake ƙirga maki. Na ɗaya maki 1, na goma maki 10, mai mafi ƙarancin jimilla shi ya ci, kuma galibi ana yafe wa kowa tserensa mafi muni guda ɗaya. Wato in abu ya karye maka sau ɗaya, an yafe. In ya karye sau biyu, makon ya tafi. Shi ya sa na fi son tsohon jiki mai lafiya da sabon filafili na halal, a kan jirgi mai sheƙi da filafilin da ya sha iska har ya saki. Filafili shi ne injin, kuma yana tsufa da sauri fiye da komai. Ka ware masa kuɗi tun farko, tare da na kura, da murfi, da rigar ceto, da rajistar ƙungiyar ajin, da inshorar da yawancin masu shirya gasa suke nema kafin su rubuta sunanka.

In har yanzu zuciyarka ta kasu biyu, kada ka saya tukuna. A manyan gasanni akan samu jiragen haya, kulob-kulob da yawa kuma suna da na aro. Nemi sanarwar gasar bara ta ajin da kake so, ka karanta sharuɗɗan shiga, sannan ka buɗe sakamakon ka ƙirga jirage nawa suka fito, ka kwatanta da na shekaru biyu ko uku da suka wuce. Ajin da lambarsa ke hawa, jirginsa zai sayu ranar da ka tashi rabuwa da shi. Wanda kuma ke raguwa kowace shekara, za ka same shi da sauƙin kuɗi yau, kuma da sauƙin kuɗin za ka sayar, in ka samu mai saye.